Mutumin da Na Yanka a Takarda

Ina shekarata ta huɗu a lakwal ta Madawa, wato makarantar boko, labari ya zo cewa wani Anasara zai taso daga Yamai ya auna mana kai. Tsohuwar da ke dama mana fura ce ta fara faɗa, ita kuma wai daga bakin kukun kumandan, Anasaran da ke mulkin garin, ta ji. Mu duk mun ɗauka da igiya zai zo. Akwai wani ɗan ajinmu mai kai kamar tulu, kwana uku yana yawo yana shafa ƙeya, wai shi kam ya riga ya ci. Allah sarki, mutumin da ko ashirin ba ya ƙirgawa sai ya haɗa da yatsun ƙafa.

Ni ba ɗan Madawa ba ne. Garinmu ɗan ƙauye ne a bisa dutse, kusa da Allakai, inda rumbuna suka fi ɗakunan kwana yawa, suka kuma fi su kyau. Kakanninmu gero suke auna wa Buzaye, mu kuwa muka taso muka tarar yara ake ba Anasara. Shekarar da gumiye, dogarin Anasara, ya zo bisa raƙumi da takarda, wai maigari ya ba da yaro biyu, mata suka yi ta jefa 'ya'yansu cikin rumbu suna rufewa. Babana bai ɓoye ni ba. Ba don yana son lakwal ba, ko kusa. Ƙarya ce ba ya iyawa. Gumiye ya ce, "Kana da ɗa?" Ya nuna ni da haɓa, shi ke nan. Inna ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka irin na mutuwa, don ni ɗan fari ne, ba ta da halin yi a gaban mutane.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da suke hawa cinyar uba suna ja masa gemu. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In yana so na, sai ya ce "kai", in yana maganata da wani ya ce "yaron ga". Ni kuma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Na san ƙafafunsa, na san hannuwansa, na san tarinsa tun daga nesa. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka tarar, kuma wallahi na san yana so na.

To, Allah ya yafe mini, lakwal ɗin da aka yi mini kukanta sai ta yi mini daɗi. Ina son warin kaye sabo, littafin rubutu ke nan, ina son kalkil, wato lissafi, kamar fura da nono. Malaminmu, wanda kowa ke kira Mushe, mutumin Dahomai ne, gajere, mai saurin fushi da saurin hucewa. Hausarsa karkatacciya ce, mace ma "shi" yake ce mata, amma ka rantse da hannu yake buɗe maka kai ya zuba karatu. Shi ya fara gaya mini akwai babbar lakwal a Tawa, inda ake fitar da malamai da masu aikin likita, kuma duk shekara yaro biyu kaɗai ake ɗauka daga wurinmu. Sauran kowa ya kama hanyar garinsu. Tun daga ranar ba ni da wata magana a zuci sai Tawa. A da Mushe ke zaɓe, kuma kowa ya san ina cikin biyun. Wannan shekara aka ce a'a, sai wanda Anasaran nan ya auna ya ga ya cika mudu.

Ya iso bayan an gama girbi, da hantsi, cikin wata mota mai tari. Dogo ne, rana ta dafa masa wuya ya yi ja. Babu igiya. Akwati ne ya zo da shi, da agogon hannu da yake ajiyewa kan tebur. Aka shimfiɗa masa a rumfar bayan aji, muna shiga ɗaya bayan ɗaya, Mushe na tsaye yana juya magana in faransancinmu ya ƙare.

Da aka zo kaina, sai ya fara karanto lambobi, wai in maimaita. Na maimaita. Ya ƙara tsawo, na maimaita. Ya ce to in fara daga ƙarshe in komo farko. Na komo. Ya yi ta ƙarawa har abin da ke rubuce a takardarsa ya ƙare, ya shiga ƙirƙiro nasa, har shi da kansa ya ɓace a tsakiya ya yi dariya. Ni abin bai ba ni mamaki ba. Mu da muka taso ba takarda, kanmu ne rumbunmu. Tun ina ɗan shekara shida ake aike na Karofan da saƙon mutum biyar, kowa da nasa, in kai in kawo amsa ban zubar da kalma ɗaya a hanya ba, don in na zubar jikina zai gaya mini.

Ya zuba tarkace a faifai, su allura, maɓalli, ƙusa, ya bar ni na kalla kaɗan ya rufe da ƙyalle. Na lissafa masa su duka, har da inda kowane yake kwance. Ya fito da wasu 'yan katakai masu launi, wai in jera su su yi kama da zanen da ke kati. Wannan ai aikin Inna ne a bayan ƙwarya, kafin ya ɗaga agogo na gama. Ya ba ni wata takarda mai lunguna, wai in fitar da ɓera daga ciki. Wanda ya yi kiwon awaki a duwatsun garinmu za a koya wa lungu? Ina satar kallon Mushe, na ga ƙirjinsa ya kumbura yana murza hannu. A raina na ce, Tawa, ga ni nan tafe.

Sai ya fito da hotuna.

Na fari fuskar mutum ce, an yi mata komai amma ba baki. Ya ce, me ta rasa? Ina ganin ba baki, ai ba makaho ba ne ni. Amma sai na ce a raina, wanda ya zana wannan mai tsoron Allah ne, da gangan ya bar bakin, bai kamata in tona shi ba. Kuma in gaskiya ake so, abin da ta rasa ya wuce baki. Na ce, "Rai." Mushe ya yi tsammanin bai ji daidai ba, ya sake tambaya da Hausarsa. Na ce, "Rai, Mushe." Aka kawo na biyu, mace ba hanci. Rai. Na uku, mutum ba hannu ɗaya. Rai. Na huɗu kare ne ko dila, ban tantance ba, ƙafa uku gare shi. Na ce shi ma rai. Anasara ya daina dariya, ya yi ta rubutu. Daga nan ya turo mini farar takarda da fensir, ya ce in zana mutum, cikakke, iyakar iyawata.

Dole in koma baya kaɗan don a san abin da ke kaina lokacin. Ina ƙarami, kafin lakwal, an yi wa rumbunmu sabon yaɓe, laka ba ta bushe ba. Na ɗauki tsinke na zana Buzu bisa raƙumi, da takobinsa da komai. Yara suka taru suna ihu. Babana ya dawo daga rijiya ya tarar. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi da na manta. Ya sa babban yatsa ya shafe idon Buzun da na raƙumin, ya karɓi tsinken ya ja layi a wuyan kowanensu. Sa'an nan ya ce, yana kallon rumbu ba ni ba, "Wanda duk ya zana abu mai rai ya cika shi, ranar gobe za a aje mishi shi a gaba, a ce hura mishi rai. Ba ya iyawa, kuma ba a barin shi. In hannunka ya matsa maka, kada ka sa ido, kuma ka yanka shi. Yankakke ba a neman rai gare shi." Na kwana uku ina ganin raƙumin nan durƙushe a gabana ina hura masa hanci.

To ga farar takarda, ga Tawa. Na ce bari in nuna wa Anasaran nan aiki. Mutumin da na fi sani a duniya na zana, babana, zai tafi gona. Na yi masa malfarsa mai yagaggen baki, da hauya a kafaɗa, da layun damtse guda uku. Na yi ɗan yatsansa na hagu da igiyar guga ta karya ya warke a lanƙwashe. Har faso na yi masa a dunduniya. Da na gama na bar wurin ido fili, na ja layi mai kyau a wuya daga nan zuwa nan, na miƙa da hannu biyu.

Anasara ya daɗe yana kallo. Ya ce, wane ne wannan? Na ce babana ne. Ya sa yatsa kan layin, ya ce wannan fa? Na ce, "Na yanka shi." Da faransanci na faɗa, tiryan-tiryan, ina jin daɗin na iya kalmar. Mushe ya dafe kai da hannu biyu.

Da la'asar ina sharar aji na jiyo su a rumfa, ba su san ina ji ba. Anasara ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. A lamba da tuna abu da katakai, yaron ya wuce saurayi mai gemu. A hoto da zane, bai kai ɗan yaye ba. Ya ce ƙa'ida ita ce a haɗa duka a raba, ya haɗa ya raba, na fito tsaka-tsaki, na biyar ko na shida. Ya ce ƙila ma ƙwaƙwalwar aku gare ni, ina riƙe abu ban gane shi ba. Kuma yaron da ya zana ubansa ba ido, ya yanka masa wuya, ya faɗa yana murmushi, ba lakwal ya kamata a kai shi ba, likita ya kamata ya duba shi. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ni aku? Ni zan yanka babana? Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mushe ya yi ta faɗa, muryarsa na hawa. Ya ce shekara huɗu yana tare da yaron nan, aku ba ya warware lissafin da ba a koya masa ba. Ya ce wanda ya ga faso a dunduniya ba zai manta da ido ba, akwai dalili. Anasaran, don in faɗi gaskiya, ba mugu ba ne, abin da akwatinsa ya gaya masa yake faɗa. Ya ce zai wuce Keita da Tawa, bayan kwana goma zai biyo ta nan. In yaron ya zana cikakken mutum ya kuma faɗi abin da hotuna suka rasa, zai sake lissafi. In ba haka ba, sunana ya fita.

Mota na tashi Mushe ya kama kunnena. "Don me? Gaya mini don me!" Ta yaya zan gaya masa? Mutumin da ya rataye hoton mace da jariri a saman gadonsa, da idanunsu da komai, yana kunna musu kyandir, in buɗe baki in ce masa masu wannan aiki wuta za su? Malamina ne. Ya ɗaga bulala, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya jefar da ita. Ya ce, "To. Kai ba magana, baba naka shi magana. Gobe mu tafi."

Ya bar wa mataimakinsa aji, ya ari jakuna biyu. Wayyo, tafiyar nan! Da za a ce in zaɓi kwana biyu a rayuwata in sake yi, su zan zaɓa, duk da tashin hankalin da ke cikina. Ƙasarmu bayan girbi ba ta da na biyu. Karan gero a tsaye fari fat, shanun Fulani sun shigo gonaki, ko'ina ka juya sabon rumbu da hular ciyawa. Muka bi ta fadama masu lambu suna dashen albasa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Muka hau dutse, baƙar tsakuwa tana ƙara ƙarƙashin kofato. Duk rijiyar da muka tsaya sai mata sun ba mu fura, suna leƙen gajeren baƙon nan mai takalmi da hular kwano bisa jaki. Sau biyu jakin yana kayar da shi. Na biyun ya tashi ya kakkaɓe wando ya yi wa jakin faɗa da faransanci, wai shi ma zero zai ba shi. Na yi dariya har na faɗo daga nawa.

Mun isa gida rana ta biyu da azahar. Inna na daka, ta gan ni, taɓarya ta tsaya a sama. Sai ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ke, ba baƙi ruwa." Ni ne baƙi. Amma furar da aka kawo mini ta fi ta Mushe nono, kuma na san hannun da ya zuba.

Babana na gindin gawo yana tufkar igiya. Aka shimfiɗa wa Mushe tabarma, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Madawa ɗaya ɗaya, har Mushe ya fara motsi. Ni na zauna can baya, inda ɗa ke zama. Mushe ya zaro takardar zanena, wadda Anasara ya bar masa, daga aljihu ya miƙa. Babana ya riƙe ta nesa da fuska, ya juya ta, ya sake juyawa. Bai taɓa ganin kansa ba sai a ruwan guga. Na ga yatsansa ya bi malfar, ya sauko kan layu, ya tsaya a lanƙwasasshen ɗan yatsan. Ya dubi hannunsa, ya dubi takarda. Ya ce, "Hm." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Mushe ya nuna wuyan, ya ce, "Baba, wannan me? Anasara ya ce yaro shi ƙi ka." Babana ya yi dariya. Sau nawa ma na taɓa jin dariyarsa? Ya ce, "Ƙi? Mushe, ai wanga biyayya ta. Ni na hwaɗa mishi." Ya bayyana masa komai a hankali, zancen ranar gobe da hura rai, kuma bai ko kusanci zancen hoton da ke ɗakin kowa ba. Mushe ya sake duban takardar. Can ya ce, "Rai! Rai! Shi ya sa!" yana bugun cinya. Sai ya shiga ba babana labarin awon, yadda na yi sama a nan na yi ƙasa a can, aka haɗa aka raba na fito tsakiya. Babana ya ce a sake masa wannan wurin. Aka sake. Ya ce, "Wato in na haɗa raƙumi da ɗan akuya na raba biyu, jakkai biyu gare ni?" Mushe ya ce haka Anasara ya ce. Babana ya ce, "To Allah shi kyauta."

Daga nan Mushe ya kawo roƙonsa. Ya ce sau ɗaya tak, a bar yaro ya sa ido, ya bar wuya lafiya. Babana ya ajiye takardar kan tabarma, fuskarta ƙasa. Ya ce, "Mushe, ka yi nisan tahiya, kuma don alheri ka zo. Amma abin da ka roƙa ba nawa ba na, balle in ba ka." Mushe ya ce in ba haka ba yaro zai dawo gida. Babana ya ce noma ba abin kunya ba ne, ga gona, ga rijiya, shi ma ƙarfi ya fara raguwa. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Na ga Tawa tana tafiya ta bar ni. Can, bai ɗago ba, ya ce wa Mushe, "Shi yaron ga, shina son tahiyar?"

Ba ni aka tambaya ba. Ɗa ba ya tsoma baki in manya na magana, balle ɗan fari. Amma kafin Mushe ya buɗe baki na ji muryata ta fito da kanta, da ƙarfi. "Ina so, Baba." Hannunsa ya tsaya kan igiyar. Kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage. Sai aka kira la'asar, ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci, bai sake tayar da zancen ba ranar.

Da safe muna ɗaura wa jakuna kaya, Mushe fuska a murtuke, ni kuwa na gama kukana tun a bayan rumbu. Sai na ji, "Kai." Na zo na durƙusa ina kallon ƙafafunsa. Ya ce, "In ka koma, ka sa mishi ido. Kada ka yanka. Ba kai ka yi ba, ni na sa ka. Wanda ya yi umurni shi ad da aiki. In an aje shi ranar gobe, gabana za a aje shi." Ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Na yunƙura zan tashi, ya ce, "Tsaya. Ka san yadda idon yake?" Na ce a'a. Ya ce, "To ɗaga kai ka duba. Tunda za a yi, a yi shi daidai."

Na ɗaga. Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku, ranar na fara ganin idon babana. Ƙanana ne, sun shige ciki, rana da ƙura sun sa farin ya yi ja. Na dama yana da ɗan tabon hakiya a gefe. Akwai layuka uku a kowace kusurwa, irin na mai yawan dariya, abin da ban taɓa zato ba. Ya bar ni na kalla, shi yana duban wani wuri bisa kaina. Sa'an nan ya ce, "Ya isa. Rana na yi," ya saɓa hauya ya fita, ko sallama bai tsaya yi da Mushe ba sai daga nesa.

Anasara ya dawo ranar da ya ce. Ya fito da hotuna, na ce baki, hanci, hannu, ƙafa, kafin ya gama ajiye su. Ya ba ni farar takarda. Na sake zana mutumin nan, malfa, hauya, layu, ɗan yatsa. Da na zo wurin ido hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan, don an sauke mini kayan. Na yi su ƙanana, na sa tabon hakiya, na sa layukan nan uku. Anasara ya ɗauki tsohuwar takarda ya jera da sabuwa, Mushe na yi masa bayani da hannu da ƙafa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi abu biyu uku, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya soke lissafin farko. Ya roƙi in bar masa zanen biyu, na bar masa. Da na sani da na riƙe na biyun.

Na tafi Tawa. Daga baya ni ma na zama mushe, wato malamin lakwal, na yi shekaru ina koyarwa a Buza da ƙauyukanta. Na ga yara da yawa irina, wanda zai ba ka mamaki a nan ya ba ka haushi a can. Wata yarinya ba ta amsa tambaya sai ta yi jinkiri, agogo ya cinye ta, ashe kakarta ce ta koya mata saurin amsa wa babba rashin kunya ne. Wani ba ya ƙirga dabbobin da ke hoto, don a gidansu ƙirga dabba kashe ta ne. Wani kuwa da gaske abin ne ke ba shi wuya, sai an zauna da shi. Ban taɓa yarda na haɗa na raba ba. In na ga sama da ƙasa a takardar yaro ɗaya, saman nake yarda da shi, ƙasan kuma in nemi jaki in je gidansu in ji. An sha ce mini ina ɓata lokaci, ni kuwa na sha ce musu su je su sha iska.

Ina shekara ta biyu a Tawa, da damina, babana ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Kafin saƙo ya iske ni, kafin a ba ni izini, kafin in ratsa kwaruruka cike da ruwa, an yi sadakar bakwai. Na tarar da Inna zaune a ɗaki cikin takaba. Ranar ce ta fara yi mini magana kai tsaye, ba ta bi ta kan ƙanwata ba. Ta ba ni labarin ciwon, da wanda ya yi wanka, da wanda ya yi salla. Sai ta ce akwai abin da take so ta tambaye ni, tunda ni na yi karatu.

Ta ce, "Mi ya hwaɗa maka ranar da kunka zo da gajeren baƙon nan?" Na ce, don me, Inna? Ta ce, "Tun ranar bai sake cin abinci da rana ba Litinin da Alhamis. Ko da damina, ko shina noma, ko rana ta kai ina. Na ce mishi jikinka ba ya ɗauka, ya ce akwai abin da ya ɗaukar ma wani, shina ragewa tun nan. Ranar da ciwon ya kama shi Alhamis ta, da azumi a bakinai. Na kawo ruwa, ya ce in bari rana ta hwaɗi."

Ta zauna tana jiran amsa. Na buɗe baki, na kasa gaya mata.